Ɗakin da Na Gina a Kan Tudu

A zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, ina sabon ma'aikaci a ofishin safiyo na Jimeta, aka ba ni aikin zana iyakar ruwa, wato layin tudun da ke raba ruwan da zai gangara tafkin Njuwa da wanda zai nufi wani wajen. Hotuna biyu da aka ɗauka daga jirgin sama ake jerawa ƙarƙashin wani tabarau, sai ƙasa ta taso maka, tudu da kwari. Ni kuwa na sa hoton dama a hagu, kuma idan aka yi haka, kwari ke komawa tudu.

Na ja layina da jan tawada a kan taswira. Ya burge ni har na nemi fili a kansa a Mbamba, na gina wa amaryata ɗaki. Idona ya ce wurin kamar gangare ne, na tuna masa cewa bai yi makarantar safiyo ba.

Da damina ta faɗi, ruwan gabas da na yamma suka yi taro ƙarƙashin gadonmu.

Maƙwabta suka kwashe kayanmu a ka. Bappa Hammadu, ƙanin surukina, ya ba mu ɗaki har kaka, ko harara babu. Ogana ya gyara taswirar shiru, bai kai ni gaba ba. Allah ya saka musu da alheri.

Amma har yau mai neman fili a unguwar sai ya zo ya durƙusa, ya kira ni malam da Fulatanci: "Modibbo, don Allah nuna mini tudu, in san inda zan guje wa."