Bindiga Ashirin, Ba Iska

Ranar Litinin da safe na ɗauki bindigar hukuma a cikin akwatinta na nufi wurin Barasa mai faci. Ni kafinta ne, ban taɓa harbin ko ƙadangare ba. 'Yata Nekesa ce ta jawo mini wannan ɗawainiya. Shekara biyu ke nan tana koyon harbin takarda da ƙaramar bindigar iska, kuma ranar Asabar za a zaɓi waɗanda za su je gasar ƙasa. Wanda bai harba ba ranar, sai baɗi.

Ƙungiyarsu tana da bindiga ɗaya tal, tsohuwa, mai araha, irin wadda ake ɗanawa da hannu ta tara iskarta da kanta. Yara tara ke karɓa-karɓa da ita, ba wanda ya taɓa kuka. Sai shugaban yankinmu, Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, ya ji labari, tausayi ya kama shi. In tausayi ya kama babban mutum, talaka ya ɗaura ɗamara.

Aka sayo sababbi guda ashirin daga ƙasar waje, kowacce kuɗinta ya sayi saniyar tatsa. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka ci nama. Tsohuwar kuwa aka tafi da ita ofis, wai ganinta kusa da sababbin zai zubar da martabar yanki. Sai bayan an watse aka gane cewa sababbin ba a ɗana su da hannu. Kowacce tana da 'yar tukunya a ƙasan baki, sai an ɗura mata iska da inji na musamman. Injin kuwa ba ya cikin kasafin bana.

Barasa ya juya bindigar, ya shinshina ta, ya ce, "Baban Nekesa, ni fa tayar tirela nake cikawa. Wannan 'yar abar ce za ta gagare ni?"

Ya haɗa tiyo, injinsa ya yi ta gurnani har ya fara warin ƙuna. Allurar ma'aunin iskar bindigar ko motsi ba ta yi ba.

"Ta ƙi sha," in ji shi. "Irin ta masu kuɗi ce, ba ta cin abincinmu."

Na ce, "Ashe dai tusa ba ta hura wuta."

"Ka zagi injina ne, dattijo?"

"Gaba ɗayanmu nake nufi."

Daga nan na wuce ofis. Na tarar da Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Girma yana shan shayi da mandazi, fanken garinmu. Na gaishe shi yadda ake gaida wanda ke cin harajinka, sannan na roƙi a ba yaran aron tsohuwar bindigarsu zuwa Asabar.

Ya ce, "Mzee," wato dattijo, "ka makara. Ta zama kayan tarihi." Ya nuna mini ita a cikin gilashi, an rubuta a ƙasa: Inda Muka Fito.

"To iskar fa, ranka ya daɗe?"

"Kwamiti ya je bakin teku. Masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa suna da irin injin."

"Madalla. Sun ɗuro tukwanen ke nan?"

Ya dube ni da tausayi. "Ziyarar nazari ce, Mzee. Ba a tafiya nazari da kaya."

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, da jaridun da ake naɗe kifi da su na koyi haɗa baƙi. Amma na san wanda ya je rijiya ba guga yawo ya je. Kuma na san almubazzaranci zunubi ne ko da an yi masa bajo an rataya a wuya.

Duk makon nan Nekesa ba ta samu bindigar atisaye ba. Kullum da yamma sai ta ɗauki dutsen gugar uwarta, ta miƙe hannu, ta saita wani ƙusa a bango har sai hannun ya fara rawa. Uwarta ta ce, "Tunda kin ɗauka, ki haɗa da rigunan babanki."

Ranar Asabar yaranmu suka shiga zaure kowa da akwati mai ƙyalli. 'Yan sauran yankuna suka zo da irin tsohuwar tamu, wata har da roba aka ɗaure mariƙinta. Aka kira sunan Nekesa. Ta tsaya a layi da bindigar da babu komai a cikinta. Alƙali ya duba agogo.

Sai wata yarinya mai suna Chepkirui, 'yar makiyaya daga kan tudu, wadda ta gama nata harbin, ta miƙo tata. "Riƙe, 'yar birni. Tana ɗan karkata hagu. Kada ki wuce ni dai, kin ji?"

Ba ta wuce ta ba. Chepkirui ta zo ta biyu, Nekesa ta uku, kuma uku ake ɗauka. Sauran yaranmu takwas ba su samu mai ba su aro ba, suka koma gida da akwatunansu, sai baɗi.

Ba na tafa hannu a bainar jama'a, amma na yi gyaran murya sau biyu.

Mai Girma ya iso bayan an gama. Ya ce wannan nasara ita ce amfanin jarin da aka zuba. Ya karɓe bindigar Chepkirui daga hannun 'yata, ya sa mata sabuwa, aka ɗauki hoto. Sannan ya sanar cewa da sabuwar za ta je gasar ƙasa wata mai zuwa, domin yankinmu ba ya zuwa taro da kayan aro.

Na tambayi Babban Mataimaki batun iska. Ya ce in kwantar da hankalina, kwamiti zai koma bakin teku, wannan karon har da iyalansu, domin a tabbatar da abin da aka gano a zuwan farko.