Motata da Goron Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ba ni amanar goro ba.

Aiki ne ya kawo ni Katsina, iyalina kuma suna Zariya. Na kama haya a Ƙofar Marusa, ni kaɗai kamar maye. Akwai majalisar dattawa a ƙofar gidan maƙwabcina Alhaji Sada. Kullum in yi sallama, su amsa, a yi ta "ina gajiya, ya aiki" har ta ƙare, amma ba wanda ya taɓa cewa in zauna. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kaɗaici ne ya sa na sayi wata tsohuwar motar tsere, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu (kujera ta biyun jakata ce ke zama a kai). Da na ga ba ta sa an kula ni ba, sai na yanke cewa laifin tashinta ne, ba ta fizga yadda ya kamata. Na kai ta gareji aka kwance aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, aka sauya giyar cikinsa da mai yawan haƙora. Gudunta a doguwar hanya ya ragu, shan mai ya ƙaru, inji kuma sai kuka. Amma tashi fa? Kana taɓa totur za ta manna ka da kujera.

Ana haka Alhaji Sada ya tare ni da kansa. "Malam, gobe ɗaurin auren ɗana Mannir. Motoci sun cika da mutane, ko za ka ɗaukar mana goro da alawa? Ka dai biyo mu a baya."

Ni aka saka a hidimar unguwa! Na wanke mota, na sha guga, na ɗaura wa kwandon goro bel kamar wani babban baƙo. Ban tambayi gidan amarya ba. Wa ke tambaya? Ta gabanka kake bi, shi ke nan.

Muna tafe a jere har danja ta tsayar da mu. Na leƙa, ga 'yan majalisa a motar gefe suna kallona. Shaiɗan ya ce, nuna musu. Tana ba da hannu na taka.

Jama'a, motar nan ta yi aikinta. Kafin in ce kwabo na wuce motar ango, na wuce ta Alhaji, ina ta murmushi ni ɗaya. Da na duba madubi, babu kowa. Sun karya kwana tuni.

Na ɗauko waya, sai na tsaya ina kallonta. Ba ni da lambar mutum ɗaya a cikinsu, su ma ba mai tawa. Na zaga Ƙofar Guga, na dawo ta Ƙofar 'Yandaka, ina tsayawa duk inda na ga rumfa. Ranar Asabar ce, kowane lungu aure ake. Har wani gida na yi sallama, aka ce mini nan zaman makoki ne.

Da na gano wurin an riga an shafa fatiha, da goron da aka tsinto wurin masu talla. Kukan injina ya sa kowa ya waiwayo. Na fito rungume da kwando, gumi har cikin takalmi.

Alhaji Sada ya dube ni, ya dubi motar. "Malam, mi ya faru? Ita ce ta fi kowace gudu, ita ce kuma ta zo ƙarshe?"

Dariya ta ɓarke, har da liman. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina, shi ke nan, ko sallamar ma ta ƙare.

Sai ya zaro wayarsa yana share hawayen dariya. "Kawo lambarka, kada ka sake ɓata mana da goro."

Shi ne mutum na farko da ya nemi lambata a garin nan. Yanzu ina da gurbi a tabarmar majalisa, sunana kuma Mai Goro, har jikokin Alhaji haka suke kirana. Na koyi cewa in an ce ka biyo baya, to ka biyo bayan. Aksul ɗin yana nan yadda na sauya shi, amma duk auren da aka yi a unguwa, a motar wani ake saka ni, a tsakiya.