Haƙorin da Na Jefa a Kwara

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka yanke mana Jihar Kebbi ba, domin a cikinta na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Yelwa (ku riƙe wannan da kyau: kimiyya). Da aka raba ma'aikata tsakanin Sakkwato da Kebbi, mataimakin shugaban makarantarmu ya koma Sakkwato, aka fara ambaton mutum biyu a kan kujerarsa: ni da Malam Bawa, malamin labarin ƙasa, mutumin Shanga. Ina son kujerar nan kamar raina. Shi kuwa Malam Bawa ba ya hira, sai murmushi, ni kuma ban taɓa yarda da mai murmushi babu dalili ba.

Wata Litinin da safe na ja aljihun teburina, sai ga ƙulli. Takarda ce a naɗe kamar laya, an ɗaure da zare, ga sunana a kai da rubutun Malam Bawa. Da tsinin biro na warware ta, sai wani haƙori ya faɗo, baƙi wuluk, mai tsini, da nauyi kamar dutse. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Takardar kuwa ko duba cikinta ban yi ba, na kai bayan aji na ƙyasta mata ashana. (Wane mai sammu ne zai rubuta da hannun da kowa ya sani? Ban tambayi kaina ba.)

Da aka tashi na nufi bakin kogin Kwara wurin Baba Manu, wani tsohon masunci. Ya juya haƙorin, ya ƙwanƙwasa shi a jikin kwalekwale.

"Malam, cikin ruwan ga na tsuhe. Wanga ba na kihin tsage ba na, ba na kada ba na. Babu mai haƙorin ga cikin ruwanmu. Ina kas samo shi?"

Na karɓe abina. Na kai wa Inna, mahaifiyata, ta ja da baya tana salati. "Sammu na! Maza kai shi ruwa mai gudu, kuma kada ka waiwaya." Haka malamin kimiyya ya shiga kwalekwale har tsakiyar Kwara, ya wurga haƙori ta bayan kafaɗa da hannun hagu, ya dawo yana jin ya ci nasara.

Ranar Alhamis aka yi taron malamai. Kafin a fara, Malam Bawa ya dube ni da murmushin nan nasa. "Malam, ka ga saƙona?"

Na miƙe tsaye, a gaban shugaba da malamai kaf. "Na gani! Kuma ta Allah ba taka ba! Don kujera za ka yi mini asiri?"

Malam Bawa ya ce:

"Ba ka karanta takardar ba? Haƙorin shak na, babban kihin teku, wani iri da ya ƙare tun miliyoyin shekaru, lokacin da teku ya ruhe ƙasar Sakkwato. Cikin dutse anka tono shi. Na ji kana koya ma 'yan aji ukku halittun da sunka zama dutse, nic ce ka gwada musu su gani da idonsu."

Shugaba ya gyara tabarau. "To, ina haƙorin?"

"Yana Kwara, ranka ya daɗe."

Dariyar da aka yi har ɗalibai sai da suka leƙo ta taga. Malam Bawa kaɗai bai yi ba. Ya ce malaminsa na kwaleji ne ya ba shi, kuma shi ke nan gare shi. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Na hau ba shi haƙuri, sai ya ce, "Ba komi. Daga ruwa yah hito, ruwa yak koma."

Kujera dai Malam Bawa aka ba, ni kuma na samu sarautar da ban nema ba: Malam Haƙori. Ashe sammun gaskiya ne, ya kuma ci ni, sai dai da hannuna na haɗa wa kaina. Tun daga ranar, kowace takarda ta zo mini, sai na karanta ta har ƙarshe kafin in nemi ashana.