Duwatsun Gonar Baba

Shekara tara ina yankan ciyawa a wani filin wasan golf a Abuja, aka sallame ni ba ko na gode. Na dawo ƙauyenmu Zakka ba komai sai ilimi, a ganina. Na taɓa jin masu tsara filin suna gardama: ɗaya ya ce a bi ƙasa yadda Allah ya yi ta, ɗaya ya ce a sa katafila a gyara ta. Na biyun na bi, don motarsa ta fi girma.

Gonar Baba a gangare take, da layin duwatsu uku da ya jera tun ba a haife ni ba. Ranar da ya tafi kasuwa na kwashe su tas, na baje gonar ta yi sumul, na riƙe ƙugu ina jiran yabo.

Da ya dawo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka sha aiki."

Ruwa mai ƙarfi na farko ya kwashe shukar gero har da ƙasar, ya juye a gonar Malam Idi da ke ƙasa da tamu. Da safe na tarar da Baba, da ciwon bayansa, yana mayar da duwatsun. Ya nuna mini wani babba.

"Zo ka kama mini, Injiniya. Wannan ya fi ƙarfina."

Sunan ya zauna. Har yau, duk kaka sai Malam Idi ya zo ƙofar gida da damin gero, ya yi sallama da ƙarfi: "A ba Injiniya. Ƙasarsu ce ta yi."