Igiyar Gindin Tsamiya

A wani daji, Raƙumi ne ke jigilar dabbobi zuwa kasuwa, kuma a hanyar akwai wani mugun gangare. A nan Kunkuru ya taɓa suɓucewa daga tozo, ƙoƙon bayansa ya tsage. Mai ɗori ya ce masa in ya sake faɗuwa, sai dai a kwashe shi a faifai. Tsoro ya kama Kunkuru, ga shi in ya ce zai tafi a ƙafa sai kasuwa ta watse bai isa ba.

Sai ya kai kuka majalisar Zaki, ya roƙi a sa doka kowane fasinja ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin sirdi.

Kura ta miƙe ta ce, "Ran Zaki ya daɗe, mu 'yan daji ne tun iyaye da kakanni. Akuya ake ɗaurewa, da tunkiya, da sauran masu cin dusa a gidan ɗan Adam. Kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma tun da Malam Kunkuru ya nace, a sa dokar, kada a ce majalisar nan ba ta aiki."

Aka yi tafi, aka naɗa Hankaka ya tsare doka. Hankaka ya leƙa gangaren, ya ga rana ƙwal babu inuwa, sai ya kafa shingensa a gindin wata tsamiya, can kafin a iso wurin.

Dabbobi kuwa ba sa wasa da doka. Da an hango tsamiya Biri zai yi fito, kowa ya ɗaura, Hankaka ya gyaɗa kai, ana wucewa kowa ya kwance. Kunkuru kaɗai ke barin tasa, ana ta yi masa kukan akuya. Abin na yi masa ciwo, amma sai ya ja kansa cikin ƙoƙo.

Ran wata kasuwa Raƙumi ya yi tuntuɓe a gangaren, fasinjoji suka watse kamar an kifar da tiren gyaɗa. Kura ta bar haƙoranta na gaba a wurin, Biri ya karye a wutsiya. Kunkuru na reto a jikin igiya yana salati, ko ƙwarzane bai yi ba.

Majalisa ta zauna, wasu da ɗori wasu da sanda. Kunkuru ya zo da murna, a zatonsa jiki magayi. Aka kira Hankaka, ya rantse duk wanda ya wuce ta gabansa a ɗaure yake. Kura, iska na fita ta giɓinta, ta ce ashe doka na aiki, sai a rataya wa Hankaka lambar yabo. Farin nan na ƙirjinsa ke nan.

Kunkuru ya koma gida ya ƙara wa igiyarsa kauri. A gaskiya kuwa, har yau ba a taɓa jin wanda ya faɗo a gindin tsamiyar nan ba.