Ranar da Na Goge Farin Ƙarfe

Shekarar da na dawo garinmu Mai Wurno daga aiki a Saudiyya, na kewaye barandata da farin ƙarfe, irin wanda aka ce ba ya tsatsa. Da la'asar nakan zauna da kofin jabana, gahawar nan tamu, ina kallon kogi yana rawa a jikinsa, har in ji kamar a jirgin ruwa nake. Duk wanda ya gifta sai na tare shi: "Taɓa ka ji. Wanga har jikokina za su gada."

Ana jibi za a zo neman auren ɗiyata, na ƙudura sai ƙarfen ya kashe wa baƙi ido. Na ɗauko wayar goge tukwane, na tsoma a ruwan kalor na wankin fararen kaya, na dirje shi tas, ina hango surukai suna gyara rawani a cikinsa.

Maiɗakina ta leƙo. "Alhaji, tukunya ce?"

Na ce ta bar maza da aikinsu.

Washegari aka yi yayyafi. Ranar da baƙi suka iso, ƙarfena ya feso da jajayen ƙuraje kamar mai ƙyanda. Kawun yaron da ke neman auren, mai walda ne a garin Sinja, ya shafa ya ce, "Ɓurɓushin waya ne ya maƙale ya yi tsatsa, kalor kuma ya cinye fatar da ke kare shi. Wa ya yi wanga ɗanyen aiki?"

Na waiga wajen madafa, na girgiza kai. Daga bayan labule muryar maiɗakina ta fito: "Maza ne da aikinsu."

An ɗaura auren lafiya. Amma har yau, in tukunya ta ƙone a unguwarmu, sai ka ji mata na cewa, "A kai wa Alhaji."