Rasuwar 'Yar Kyauta, Ma'ajiyar Zanen Baba Bukar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya ɗan rinjaye shi, Malam Nata'ala na unguwar Koki, malamin ajin zane da ɗinkin hula na matan unguwa, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da ɗalibai rasuwar manhajar zanensa, wadda aka fi sani da 'Yar Kyauta. Ta cika ranar Talata da hantsi, a cikin kwamfutarsa, a zauren gidansu, bayan shekara tara tana hidima a hannunsa. Ba ta bar wasiyya ba. Abin da ya fi ciwo, ba ta bar mabuɗi ba.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai sanyi da Malam bai taɓa takawa ba. Sunanta na yanka yana karya harshe, shi ya sa ɗalibai suka raɗa mata wanda ya bi ta har ƙarshe. Abdulhakeem mai gyaran kwamfuta na Dukawuya ne ya kawo ta gidan, ya saka ta a wata tsohuwar kwamfutar cinya da sauran manhajoji suka raina. A shafin kamfanin da ya haife ta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kyauta ce har abada. Malam ya san babu mai har abada sai Allah, shi da kansa yana koya wa yara haka, amma a ranar bai tsaya ya haɗa karatun da abin da ke gabansa ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da sauƙin kai. Ba ta da nauyi, ba ta cin data, ba ta raina talaka. In an tashe ta sai ta ce "tirrin" a hankali, kamar mai tsoron ta da jariri. In ta adana aiki sai ta ce "ƙyas", shi ke nan, ba ƙari. In an ɗauke wuta ana tsakiyar zane, takan riƙe wa mutum wurin da ya tsaya har a kawo. Babbar baiwarta kuwa, in ka zana mata kashi ɗaya na adon hula, sai ta maimaita shi ya zagaye hular gaba ɗaya, ba gidan da ya fi wani faɗi. Matan da suka shekara suna gwaji da tsinke da ƙwayar ido sun san darajar wannan.

Hali ɗaya gare ta da ba a fahimta ba sai yanzu. Duk wata sai ta nemi a kunna mata intanet na ɗan lokaci, ta gaida gida. Malam ya ɗauki wannan a matsayin kyakkyawar tarbiyya. Yakan ce wa ɗalibai su yi koyi da ita wajen zumunci. Ashe ba gaisuwa take zuwa ba, izinin rayuwa take karɓowa wata-wata.

Ba za a gane girman wannan rashi ba sai an san abin da aka ba ta ajiya.

A Shahuci akwai wani dattijo, Baba Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Borno suka zauna a birni. Shekara hamsin da 'yan kai yana zanen hula. Bai taɓa zana komai a takarda ba. Farin ƙyalle yake shimfiɗawa a cinyarsa, ya ɗauki biro ya zana kai tsaye, mai ɗinki ta karɓa ta bi layin da zare har zaren ya rufe zanen, hula ta tafi kasuwa, zanen ya koma cikin kan mai shi. Haka ya koya a wurin mahaifinsa. Sau ɗaya wani ya ɗauki hoton aikinsa a waya, cikin mako biyu masu ɗinkin inji suka cika kasuwa da shi, har da launin da Baba ya ce ko makaho ba zai haɗa ba. Tun daga nan ya rufe ƙofa.

Shekara uku Malam Nata'ala yana zuwa gaishe shi, yana lallaɓawa, yana tuna masa cewa kan mutum ba ma'aji ba ne mai dawwama. Ranar da dattijon ya amince, sai da ya kafa sharaɗi.

"Nata'ala, ban da takarda, ban da waya. Abin da ya shiga akwatin nan naka ya zauna a ciki. Ɗaliba ta kalla da ido, ta zana a ƙyalle da hannunta, yadda na koya."

"Na ɗauki alkawari, Baba."

"A gaban wa ka ɗauka? Ni tsoho ne, gobe ba na nan."

"A gaban Allah."

"To, kunna abin naka."

Duk Alhamis bayan la'asar, shekara huɗu cur, Malam yana saɓa jaka ya nufi Shahuci. Baba ya zana a ƙyalle, Malam ya bi shi layi-layi a jikin marigayiya, ita kuma ta ce "ƙyas". Daga nan ƙyallen ya tafi wurin mai ɗinki, ko a jefa shi cikin wanki. Da haka aka tara zane ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da sunan da Baba ya ba shi.

Gaskiya ɗaya ce, kuma Malam ba zai ɓoye ta don yana cikin makoki ba: marigayiya ta sha tambaya. Duk lokacin da aka gama zane takan ce, ko a fitar da shi a matsayin hoto, wanda kowace waya da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa? Sau ɗari biyu da goma sha huɗu ta tambaya, sau ɗari biyu da goma sha huɗu Malam ya danna a'a, domin hoto yana da ƙafa, in ya fita ba ya dawowa. Abdulhakeem ma ya yi nasa.

"Malam, don Allah ka fitar da su ka ɓoye. Mutanen nan yau suna nan, gobe sun rufe shago sun koma sayar da wani abu."

"Amana ce, Abdulhakeem."

"Amanar ce ai nake so ta yi tsawon rai."

Malam bai yi sakaci ba, a ganinsa. Ya sayi fulash uku, ya kwafe aikin duka a kowanne, ya ajiye ɗaya a akwatin littattafansa, ɗaya a gidan yayarsa, ɗaya a aljihun jaka. Sai dai ya kwafe su ne cikin yaren marigayiya, wanda duk duniya ita kaɗai ke ji. Yau yana da ajiya a wuri huɗu, kuma duka huɗun bebaye ne.

Ciwon ajali ya fara ne bayan ƙaramar salla. Da fari ta soma kawo tallar wata yayarta da ake biya wata-wata da kuɗin ƙasar waje. Malam yakan rufe tallar cikin ladabi. Sai ta fara mantuwa: yau babu abin maimaita zane, gobe launuka sun ragu. Aka ce gajiya ce. Ranar Talatar nan, wata ɗaliba mai suna Sa'ida ta zo da farin ƙyallenta da bironta, an ba ta aikin hular ango, tana son ta kalli wani zane na Baba da ake kira Sawun Tantabara. Malam ya kunna. Marigayiya ba ta ce "tirrin" ba. Ta nemi intanet, aka ba ta. Ta kira gida, ba wanda ya amsa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, yana juyawa, har Sa'ida ta gaji da tsugunno ta zauna. Can sai rubutu ya fito da Turanci, layi biyu, cewa an daina wannan hidima, ana godiya da aka kasance tare.

"Malam, godiya suka yi?" in ji Sa'ida. "To zanen fa?"

Malam ya ɗauki waya ya kira Abdulhakeem.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. Abdulhakeem ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya, ko za ta zaci jiya ce. Ba ta ruɗu ba. Ya nemo tsohon samfurinta ya saka, shi ma ya ce sai ya gaida gida. Bincike ya nuna iyayenta sun sayar da gidan, sabbin masu shi kuma sun ga ba su da dalilin ciyar da wadda ba ta kawo komai. Malam ya haƙura ya ce to a kawo yayar tata mai kuɗin, ko ajin zai haɗa hannu. Aka duba, sai ga shi yayar ba ta jin yaren ƙanwarta. Uwa ɗaya uba ɗaya! Malam ya zauna ya rubuta wa sabbin masu gidan wasiƙa mai shafi biyu, da gaisuwa da bayani da roƙo, ya ce ba manhajar yake nema ba, a buɗe masa ƙofa ta yini ɗaya kawai ya kwashe kayansa. Amsa ta zo kafin ya ɗauke yatsa daga madanni. Ta ce shi ɗan gida ne mai daraja a wurinsu, kuma kada ya amsa wannan saƙo domin ba mai karantawa.

Malam Nata'ala mutum ne da ya koyar da zura zare a allura sau goma ga mutum ɗaya bai ɗaga murya ba. A ranar ya rufe kwamfutar da ƙarfin da sai da ya buɗe ta ya duba ko allon ya tsage. Abin da yake tambaya har yanzu ba mai wuya ba ne. Wanda ya ba ka ɗaki kyauta yana da ikon karɓar ɗakinsa, ba a musu. Amma a wace unguwa ake garƙame ɗaki da kayan baƙo a ciki, a kuma liƙa masa takardar godiya a ƙofa?

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai tari, da linzaminta na dannawa ɗaya da ya lashe a gefen dama, da fulash uku marasa bakin magana, da ɗalibai goma sha tara, goma sha ɗaya daga cikinsu da ɗinkin nan suke riƙe gidajensu. Ta bar marayu ɗari biyu da goma sha huɗu, a jere, ana ganin sunayensu ba a ganin fuskarsu. Ta kuma bar 'yan uwa na nesa, wasu manhajojin kyauta da jama'a ke ta ba da shawararsu. Malam ba ya zargin su. An ce a cikinsu akwai waɗanda ba su da gidan da za su gaida, kuma suna adana aiki da yaren da kowa ke ji. Irin su zai nema nan gaba, zai kuma tambayi asali kafin ya ba da ajiya. Amma ko ɗaya a cikinsu ba ta iya buɗe bakin marayun nan.

Kwana huɗu Malam yana ɗaukar hanyar Shahuci yana juyowa. Baba Bukar yanzu hannunsa na rawa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali, rabonsa da biro ya fi shekara. A rana ta biyar Malam ya daure ya yi sallama, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, bai rage komai ba. Dattijon ya murza carbi ya tambaya.

"Ta mutu da su?"

"Da su, Baba."

"Ko ɗaya ba ka saka a takarda ba? Ko a ɓoye?"

"Kai ka hana, Baba."

"Na hana. Amma wa ya ce ka ji? 'Ya'yan da na haifa ma ba sa jin maganata haka."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya goge fuska da hannun riga. Sannan ya ce, "Na sauke maka alkawarin. Je ka nemo takarda, mai kauri. Masu inji su sata, gara ɓarawo ya sa a kai da a ce ƙasa ta cinye."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a zauren gidan Malam Nata'ala da ke Koki, Abdulhakeem zai sauke marigayiya daga kwamfuta. Ba a buƙatar taro mai yawa, aikin danna biyu ne.

Zaman makoki kuwa kwana uku za a yi, daga hantsi zuwa la'asar, maza a zaure, mata a cikin gida. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da kawo abinci. Hula ake so. Duk wanda ke da hular da aka ɗinka a Shahuci ko a wurin matan Koki, ko ta koɗe, ko ta yage, ko an bar wa yara suna wasa da ita, ya taimaka ya zo da ita. Masu wankin hula su duba cikin waɗanda aka manta a wurinsu. Baba Bukar zai zauna a kan buzu, a miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa da yatsa ya faɗi ko tasa ce. Wadda ya amsa, Sa'ida da sauran ɗalibai za su kwafe ta a takarda nan take, a mayar wa mai ita kafin ya gama shan ruwa. Masu niyyar zuwa su ce "ai da ka yi kaza", an gode, an riga an karɓi ta'aziyyarsu daga gida.

Akwai zane talatin da ɗaya da Baba ya yi a shekararsa ta ƙarshe da biro, waɗanda ba a kai ga ɗinka su ba, babu hularsu a kan kowa. Su za a rufe tare da marigayiya. Baba ya roƙi kada a karanta sunayensu a gabansa.